Yadda Ake Riƙe Linzamin Aesop a Manhajar Lean

Lean manhaja ce da masana lissafi ke rubuta hujjojinsu a ciki, kwamfuta ta bi su daki-daki ta tabbatar babu kuskure. Leonardo de Moura ne ya ƙirƙiro ta a 2013. A cikinta akwai wata dabara mai suna Aesop, wadda Jannis Limperg da Asta Halkjær From suka gabatar a 2023, aikinta ta lalubo maka hujja da kanta. Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne ba ta yi maka rufa-rufa, kai ne mai nuna mata hanya.

Farawa ba wuya. Ka rubuta abin da kake son tabbatarwa, ka rubuta aesop a ƙarƙashinsa. In ta gama, madalla. In ta cije, to aiki ya taso, sai ka ƙara mata ƙa'idoji, ko dai a wannan hujjar kaɗai, ko ka yi musu alama ta riƙa amfani da su kullum.

Kafin nan ka san tsarin tafiyarta. Tana fara sauƙaƙa matsalar, sannan ta ɗauko ƙa'idojin da aka yi wa laƙabin safe, wato marasa haɗari, daga ƙarshe ta koma kan na unsafe, wato masu haɗari. A wajen sanya waɗannan laƙuban ake gane gwani.

Duk ƙa'idar da ka ce safe ce, Aesop za ta yi aiki da ita ba waiwaye. Ɗauki "A da B": dole ka tabbatar da kowannensu, don haka raba shi biyu ba ya jawo asara. Amma "A ko B" fa? In ka sa ta riƙa zaɓar A kai tsaye, alhali B ne gaskiya, ka tura ta hanyar da ba ta ɓullewa, kuma ka hana ta juyowa. Za ta ce ta kasa, mutum ya zauna yana zargin manhaja. Irin wannan unsafe ake ba ta, tare da kaso cikin ɗari na yiwuwar nasara, misali 50%, mai kaso babba a fara gwada ta.

Wata ƙa'idar da ke kayar da sababbin hannu ita ce mai cewa in a bai wuce b ba, b bai wuce c ba, to a bai wuce c ba. Gaskiya ce tsantsa, sai dai duk sa'ad da aka yi amfani da ita sai ta haifo sabon b da ba a san shi ba, bincike ya yi ta rassa har ya ci iyakar da aka ɗibar masa. Ka ba ta kaso ƙanƙani, kamar 10%, ko ka miƙa mata b ɗin da hannunka. Masu kula da rumbun hujjojin Lean mai suna Mathlib, waɗanda da yawansu 'yan sa-kai ne, suna taka-tsantsan sosai a nan, domin ƙa'ida guda mara kyau na iya rage saurin hujjojin kowa. Wannan haƙurin nasu yana burge ni ƙwarai.

In hujja ta fito, kada ka tashi. Ka mai da aesop ya zama aesop? mai alamar tambaya, za ta zayyano maka matakan da ta bi. Ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka liƙa su a madadinta, domin sun fi saurin gudu.