Direba, Ɗaga Kafet Ka Gani

Sana'ata wankin mota ce, a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari, ya miƙe Tambuwal har Jega. Motocin haya, na gida, na 'yan kasuwa, duk sukan tsaya wurinmu, kuma kusan maganar kowa ɗaya ce: "Yaro, a wanke muna bodin ga shi yi ƙyalli." Ƙyalli ba laifi ba ne. Sai dai dattin da ke kashe mota a wannan yanki namu, kuma yake jefa rai cikin haɗari, ba a saman bodi yake zama ba. Yana ƙarƙashin kafet, cikin madgad, gaban lagireto da kuma ƙasan ƙafar direba. A kan waɗannan wurare nake son jan hankalin 'yan uwana masu mota.

Mu fara da ƙurar hunturu, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Da safe za ka ga mutum ya ɗauko busasshen tsumma yana dirzar gilashi da bonat. Wannan ƙura yashi ne mai laushi, kuma yashi ya fi fenti tauri. Duk dirza ɗaya ƙananan zane take bari, waɗanda ba ka ganinsu da rana. Sai dare ya yi, fitilar tirela ta dallo ka tsakanin Shagari da Tambuwal, hasken ya watsu ko'ina a gilashin, ka kasa bambance gefen kwalta da daji. Haka kunna waifa a busasshen gilashi yake yi, ga shi kuma yana cinye robar. Ƙa'ida ita ce a fara zuba ruwa ya sauke ƙurar, sannan hannu ya taɓa. Ko butar alwala ɗaya ta ishi gilashin gaba.

Na biyu, sabulu da lokaci. Omo na tufafi ne. A jikin mota yana dusashe fenti, yana busar da robobin ƙofa har su fara tsagewa. Akwai sabulun mota, kuma kaɗan ake ɗigawa. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da aka kwaso daga ƙasa ya koma jikin mota. Soson taya daban, na bodi daban. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin ƙasar Sakkwato ke wuce digiri 40, kada a yi wanki tsakar rana: kumfa na bushewa kafin a ɗauraye, ruwan rijiya ko na burtsatse ya bar fari-fari, kuma gilashin da ke da ɗan tsagu zai iya ƙarasa tsagewa idan ruwan sanyi ya same shi da zafinsa. Sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, shi ne daidai.

Wankin inji kuwa, nan ne muka fi ganin ɓarna. Motocin da, irin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, suna da haƙuri da ruwa. Na yanzu cike suke da wayoyi da na'urori. A buɗe bonat a saita bakin injin feshi kan birenbos ko kwayil, mota ta ƙi tashi, ko ta tashi tana rawa, kuɗin gyaran ya ninka na wankin sau ba adadi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. In dole sai an wanke, a bari injin ya huce, a rufe kayan wuta da leda, a yi aiki da buroshi da ɗan ruwa. Fetur kuma ba abin wankin inji ba ne. Tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa ya tayar da gobara. Abin da injin ya fi buƙata ma ba wanka ba ne. A ciro iyakilina a kakkaɓe, a hura masa iska daga ciki zuwa waje, in ya toshe a sake sabo, domin toshewarsa na rage ƙarfin mota. A duba gaban lagireto, musamman da kaka, lokacin da ƙaiƙayin gero da ƙwari ke liƙe ramukansa, mota ta riƙa zafi ana ɗora wa fanka laifi. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir, ruwan kanwa mai ɗumi na wanke shi, a kiyaye dai kada ya shiga cikin batirin, sannan a shafa ɗan giris.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya. Motar ƙauye ba mutane kaɗai take ɗauka ba. Wadda ta shiga Sifawa ko Dandin Mahe za ta fito da buhunan albasa, da takin zamani, da gishiri, da rago ɗaure a but. Fitsarin dabba, ruwan ruɓaɓɓiyar albasa da ɓurɓushin taki duk suna cin ƙarfe, kuma taki da gishiri suna jawo danshi su riƙe shi. Kafet ya shanye, a sama ya bushe, a ƙasa yana jiƙe wata da watanni.

Akwai wata Golf da wani direban haya ya kawo mana bayan damina, yana kukan wari ya dame shi, fasinja na ƙorafi, turaren da yake ratayawa a madubi ya daina aiki. Muka cire kujerar baya, muka ɗaga kafet. Audugar da ke ƙasansa ta zama baƙa, tana ɗigar ruwa. Na sa yatsa na danna ƙarfen, ya rufta kamar ƙanzo, sai ga ƙasa muna kallo ta ramin. Ya riƙe baki, ya ce: "Maigida, wagga ɓarna yaushe anka yi ta? Ai kullum wanke ta nikai." Gaskiya ya faɗa, kullum ana wanke ta, amma daga waje. Daga wurinmu sai wurin mai walda.

Maganin abin ba tsada. A shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri kafin a yi lodin taki, dabba ko kayan gwari, a sauke shi a wanke bayan an sauke kaya. Duk ranar da ruwa ya shiga mota, a fitar da kafet ya sha rana, rana kuwa ba ta yi mana rowa ba. Da damina, a sa mai wanki ya durƙusa ya zazzage laka daga madgad da ƙarƙashin mota, don laka mai danshi ita ce gidan tsatsa. Dillalan mota sun san wannan. Kafin su yaba fenti, but suke buɗewa su ɗaga kafet.

Tarkacen gaban direba shi kuma maganar rai ce. Gorar ruwa da aka jefar a ƙasa takan gangara ta shige ƙarƙashin birki, kuma ba ta zaɓar lokaci. Shimfiɗar ƙafa da ba ta zauna daidai ba takan danne totur. Wannan ba tatsuniya ba ce: a 2009 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 4 a Amurka saboda matsalar shimfiɗar ƙafa da ke maƙale totur. Mu kuwa har biyu ko uku muke jibgawa, wai don kada ta ƙasan ta yi datti. Guda ɗaya ta isa, kuma ta zama a ɗaure. Dashbod ma ba kanta ba ce. Motar da aka rufe a rana cikinta kan wuce digiri 60, don haka laita, turaren fesawa da batirin cajin waya ba su da wurin zama a can. A kuma goge fitilu da lambar mota. Lambar da laka ta rufe dalili ce da jami'an kiyaye haɗurra za su tsayar da kai, kuma da gaskiyarsu.

Ragowar abinci na da nasa sharrin. Ɓawon gyaɗa, tuƙar rake, gutsuren ƙuli-ƙuli da ƙwayar hatsi da ta zube a but, duk gayyatar ɓera da kyankyaso ne, balle motar da ke kwana kusa da rumbu. Ɓera in ya shiga, wayoyi yake ci, mai gyaran wuta ya yini yana lalube. Fitsarinsa da kashinsa kuma hanya ce ta zazzaɓin Lassa.

A ƙauyukanmu motar haya ita ce motar asibiti. Ita ke kai mai naƙuda, da wanda ya yi haɗari, da mai amai da gudawa zuwa babban asibitin gari ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Don Allah, wanda ya yi wannan taimako ya gaya wa mai wanki abin da ya zuba a motar. Ba abin kunya ba ne. Yaran da ke aiki da mu 'ya'yan mutane ne, kada su sa hannu cikin jini ko amai ba su sani ba. Irin wannan wanki da safar hannu ake yinsa, da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a bar shi ya ɗan jima kafin a ɗauraye, kuma kada a gauraya shi da wani sinadari. Yakan koɗar da launin yadi, amma koɗewar kujera ta fi a ɗauki cuta a kai wa fasinja na gaba.

Sai batun inda ake wankin. Tura mota cikin tafki, ko bakin madatsar ruwan Shagari, yana barin baƙin mai da kumfa a ruwan da shanu ke sha, masu lambu ke ban ruwa da shi. Ita ma motar ba ta tsira ba, don ruwa na shiga birki da boris. Ledar fiyawata da ake cillowa ta taga kuma, ko ta toshe kwata ko ta ƙare a cikin tumbin akuya. Jaka ɗaya a rataye bayan kujera ta raba gardama.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Boɗinga da Shagari su ajiye tsintsiya da kwandon shara a wurin lodi, su sa sharar mota ta zama sharaɗi kafin a kira fasinja. Kai kuma mai mota, ranar da ka kawo mana wanki, kada ka miƙa makulli ka tafi shan shayi. Tsaya ka ce a ɗaga kafet, a leƙa madgad, a ciro iyakilina ka gani da idonka. Kuɗinka ne, kuma mai wankin da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambaya ba. Allah Ya tsare hanya.