KARAYA DA GOCEWAR ƘASHI A KAFAƊA DA GWIWAR HANNU

Hannu shi ne jarin talaka. Da shi manomi ke riƙe fartanya, da shi mace ke daka, da shi kowannenmu ke kai loma baki, ya kuma yi alwala. Amma tafin hannu da yatsu, kome ƙarfinsu, ba su isa inda ake bukatarsu sai kafaɗa ta kai su, gwiwar hannu ta lanƙwaso su. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa jama'a irin aikin da likitocin ƙashi ke yi a waɗannan gaɓoɓi biyu, da abin da ke sa aikin ya yi kyau ko ya ɓaci. Za mu ɗauki garin Gombe misali, ko da yake maganar ta shafi kowa a ƙasar nan.

A shekarar 1996, wadda aka ƙirƙiro Jihar Gombe a cikinta, Gwamnatin Tarayya ta kafa babban asibitinta a garin, wanda ke kan hanyar Ashaka. A 2014 aka ɗaga shi ya zama Asibitin Koyarwa na Tarayya. Akwai likitocin ƙashi a cikinsa, da sashen ɗaukar hoton ƙashi, da sashen gashin ƙashi. Akwai kuma Asibitin Ƙwararru na Jiha. Mutanen Dukku da Bajoga da Kaltungo da Billiri suna zuwa, haka nan mutanen jihohin maƙwabta, irin su Bauci da Yobe da Adamawa. In aiki ya bukaci a tura shi gaba, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959. Ashe ba a rasa wurin zuwa ba. Abin da ya fi damun likitoci shi ne lokacin da ake kawo musu majiyyaci, gama sau da yawa sai bayan mako 3 ko wata 2 ake zuwa, sa'ad da ɓarna ta riga ta auku.

Yadda Gaɓoɓin Suke

Ƙashin damtse guda ɗaya ne. Kansa na sama mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani ɗan gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa. Rashin zurfin nan shi ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa sakewa wajen motsi, shi ne kuma ya sa ta fi sauran manyan gaɓoɓi yawan gocewa. Gwiwar hannu kuwa ƙasusuwa 3 ne suka haɗu a cikinta, suka shiga juna daram kamar ƙyaure da maƙalarsa. Babbar jijiyar da ke kai jini hannu ta bi ta gabanta, manne da ƙashi, sa'an nan jijiyoyi 3 masu sa yatsu ji da motsi sun ratsa ta kusa da ita. Ku riƙe wannan, domin yawancin abin da za mu faɗa a kansa ya dogara.

Gwiwar Hannun Yaro

Duk mai zama a Gombe ya san yadda yara ke ɗare bishiyar mangwaro da bazara. Yaro ya faɗo daga reshe, ko daga katanga, ko daga kan jaki, ya tokare ƙasa da tafin hannu. Ƙashin damtsen yaro yana da wani wuri mai sirantaka daf da gwiwar hannu, to, nan ne yake karyewa. Wannan ita ce karayar gwiwar hannu da aka fi gani ga yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 7.

Da an kawo yaro, likita ba ƙashi yake fara dubawa ba. Zai taɓa wuyan hannu ya ji bugun jini, ya duba ko yatsu suna da ɗumi, ya ce wa yaro ya motsa su ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan a ɗauki hoto. In ƙashin ya tsage ne kawai bai kauce ba, sai a tallafe hannun da filasta kamar mako 3, shi ke nan. In kuwa ya kauce, sai a shiga ɗakin tiyata. A sa wa yaro maganin barci yadda ba zai ji kome ba, likita ya ja hannun a hankali ya mai da ƙashin mazauninsa, yana duba hoto. Daga nan ya soka wasu siraran ƙarafa 2 ko 3, masu kama da tsinken keke, su ratsa ƙashin su riƙe shi. Wani likitan Jamus mai suna Martin Kirschner shi ya fito da irin ƙarafan nan a 1909, har yau kuwa da sunansa ake kiransu. Galibi ba a yanka fata, sai in ƙashin ya ƙi komawa, ko jijiyar jini ta maƙale a tsakani. Bayan mako 3 zuwa 4 a zare ƙarafan, yawanci ba tare da an sake sa yaro barci ba. Yaran da aka kawo da wuri, mafi yawansu suna warkewa sarai.

In aka bar ƙashin ya haɗe a karkace, hannun zai fito a gwame, in yaro ya miƙe shi sai ka ga ya lanƙwasa ciki. Girma ba ya gyara wannan. Ana iya gyarawa daga baya, amma sai an sake yanke ƙashin an daidaita shi, watau an yi babban aiki a wurin da ƙarami zai wadatar tun farko.

Wani abu kuma da iyaye mata ya kamata su sani: fizgar ƙaramin yaro ta hannu ɗaya, ko ɗaga shi da shi, yakan sa wani ɗan ƙashi ya zame a gwiwar hannu. Yaro ya saki hannun ya ƙi motsa shi. Likita yakan mai da shi nan take da hannunsa, ba tiyata, ba filasta.

Ɗaurin Da Ya Matse

A nan za mu tsaya mu yi magana sosai, domin nan ne hannuwa ke salwanta.

Ba nufinmu ba ne mu ci mutuncin maɗora. Sana'a ce ta gado, jama'a sun yarda da su, suna kusa, kuɗinsu kuma da sauƙi. Gaskiya ne kuma karaya da yawa suna haɗewa a hannunsu, gama haɗewa ɗabi'ar ƙashi ce in an hana shi motsi. Amma maɗori ba ya ganin cikin jiki, kuma gwiwar hannu ba kamar sauran wurare ba ce. Kowace karaya tana kumbura, kumburin kuwa yana ƙaruwa cikin kwana 2 ko 3 na farko. In aka jera kara aka ɗaure tam da tsumma, kumburi ba shi da wurin zuwa, sai ya koma ciki ya danne jijiyoyin jini. Naman hannu in jini ya yanke masa kamar sa'a 6, sai ya fara mutuwa, naman da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Daga nan abu biyu ne. Ko dai naman ya ƙanƙance, ya janye yatsu su dunƙule kamar ƙafar shaho, hannu ya zama ba ya riƙe ko cokali. Likita Richard von Volkmann na Jamus ya bayyana wannan tun 1881, ya kuma nuna cewa matsattsen ɗauri ne ke jawo shi. Ko kuma hannun ya yi baƙi, ya ruɓe, ya yi wari, dafinsa ya shiga jini. In an kai nan, ba abin da ya rage wa likita sai yanke hannun domin ceton rai. Wannan ne asalin zancen da ake yaɗawa, wai in ka je asibiti za a yanke maka hannu. Likita ba ya yanke hannu mai rai saboda karaya. Abin da ake yankewa ya riga ya mutu tun a gida.

Ku lura da waɗannan alamu a kan kowane irin ɗauri, na gida ne ko filastan asibiti. Ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, har yaro ya kasa barci. In an miƙar masa da yatsu sai ya ƙwala ihu. Yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, ko sun canja launi, ko ya ce ba ya jin su. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa. Kada a ce a bari sai gari ya waye, kada kuma a ce ai zafin ɗori ne, ƙashi ne ke haɗewa. A sassauta ɗaurin nan da nan, a nufi asibiti. In an zo cikin lokaci, likita yakan tsaga fatar hannun da tantanin da ya lulluɓe naman, matsi ya sauka, jini ya koma gudu. Ana rufe raunin daga baya. Tabo ne zai rage, amma hannu ya tsira.

Gocewar Kafaɗa

Wannan ta fi samun manya: mai babur da ya faɗi, ɗan kokawa, ɗan ƙwallo, ko mai farfaɗiya. Fiye da kashi 90 cikin 100 ta gaba ƙwallon ke fita. Kafaɗar takan baje, mutum ya tallabe hannu da ɗaya hannun. In an zo a ranar, aikin mai sauƙi ne: a ɗauki hoto a tabbatar ba karaya tare, a ba da maganin da zai saki nama, a mai da ƙwallon gurbinsa, a rataye hannu a wuya na ɗan lokaci. Kada ku yarda wani ya taka hamata ya ja da ƙarfi. Ta haka ake karya ƙashin da bai karye ba, musamman ga tsofaffi.

In gocewa ta wuce mako 3 ba a mai da ita ba, sai nama ya cike gurbin. Ja ba ya ƙara amfani, sai an buɗe an share, kuma duk ƙwarewar likita da wuya kafaɗar ta koma yadda take. Haka abin yake ga gwiwar hannun da ta goce aka bar ta ta sandare a miƙe, mai ita ba ya iya kai hannu baki.

Saurayin da bai kai shekara 20 ba, in kafaɗarsa ta goce sau ɗaya, ta fi saurin sake gocewa, har ta kai ko miƙa ya yi sai ta fita. Dalili shi ne leɓen gurbin ya yage. Likita Bankart na Ingila ya bayyana yadda ake ɗinke leɓen a 1923. In kuma gefen gurbin ya ɓantare, akwai hanyar Likita Latarjet na Faransa ta 1954, watau a ciro ɗan guntun ƙashi daga allon kafaɗa a kafa shi a gaban gurbin ya zama shinge. A asibitocin da ke da kayan aiki, ana yin ɗinkin ta 'yan ƙananan huji, da na'ura mai kyamara. Wanda ya haura shekara 40 kuwa, abin dubawa gare shi shi ne ko jijiyoyin naman da ke ɗaga hannu sun tsinke. In bayan makonni ya kasa ɗaga hannu, ya koma asibiti.

Sauran kuwa a taƙaice. Ƙashin nan da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, yawancin karayarsa rataya kawai take bukata. Karayar tsakiyar damtse wani lokaci takan taɓa jijiya, wuyan hannu ya langaɓe, amma galibi yana farfaɗowa cikin 'yan watanni. Karayar da ta shiga cikin gaɓa ga babban mutum ana ɗaure ta da ƙarfe da kusoshi. In kan ƙashin ya ragargaje, ko ya mutu kamar yadda yakan faru ga masu ciwon sikila, ana iya sa na ƙarfe, aikin da Likita Charles Neer na Amurka ya yi fice a kansa tun shekarun 1950. Yana da tsada, kuma ba a ɗaukar kaya mai nauyi da irin wannan kafaɗa. Masu ciwon sukari kuma kafaɗarsu takan ƙage ba tare da faɗuwa ba, wannan galibi magani da motsa jiki yake so, ba wuƙa ba.

Bayan Aiki

Gwiwar hannu ba ta son zama wuri ɗaya. In aka daɗe ba a motsa ta ba sai ta sandare, shi ya sa likita ke kafe ƙashi da ƙarfe, domin a fara motsi da wuri. A 1981 Likita Morrey da abokan aikinsa a Amurka suka auna, suka ga yawancin ayyukan yau da kullum suna bukatar gwiwar hannu ta yi motsi daga digiri 30 zuwa 130. Ma'ana, ko hannu bai miƙe tsaf ba, in yana kai wa baki da fuska da ƙeya, an ci nasara. Ma'aikatan gashin ƙashi za su koya muku motsin da ya dace, ku riƙa yi a gida kullum. Amma kada a murza wurin da ƙarfi, kada a sa yaro ɗaukar bokitin ruwa wai don hannu ya miƙe. Murza da tilastawa sukan sa sabon ƙashi ya tsiro cikin nama, gaɓar ta kulle. Masu shan taba su sani tana jinkirta haɗewar ƙashi.

In Tsautsayi Ya Auku

A tallafe hannun yadda aka same shi, a rataye shi a wuya da ƙyalle, kada a yi ƙoƙarin miƙar da shi. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi ya hana. In ƙashi ya huda fata, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani, domin ƙwayar cuta in ta shiga ƙashi takan yi shekaru tana zubar da mugunya. Kada a ba majiyyaci abinci ko abin sha a hanya, gama maganin barci yana bukatar ciki ya yi kamar sa'a 6 ba abinci. Wanda ke nesa da Gombe ya fara zuwa babban asibitin da ya fi kusa da shi, su za su rubuta masa takardar turawa. Wanda ya yi rajista da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, ko da shirin GoHealth na Jihar Gombe, ya tafi da katinsa, ya tambayi abin da shirin ya ɗauke masa. A kuma adana hoton farko da aka ɗauka, a riƙa zuwa da shi duk ranar da likita ya sa a dawo.