Yadda Yawan Jama'a Ke Sauyawa In Ƙasa Ta Sami Arziki: Darasi Daga Kura Da Bunkure

Wannan takarda an shirya ta domin hakimai da malamansu. Manufarta ita ce bayyana dalilin da ya sa jama'a kan ƙaru da sauri a farkon ci gaban ƙasa, kana ƙaruwar ta lafa daga baya.

Matakai huɗu

Masana ƙidaya sun lura cewa ƙasashe kan bi matakai huɗu. A mataki na farko haihuwa tana da yawa, mutuwa ma haka, saboda haka jama'a ba ta ƙaruwa sosai. Haka ƙasar Kano take a zamanin da, lokacin da agana da ƙyanda da sanƙarau ke kwashe yara, ga kuma yunwa irin ta 1914.

A mataki na biyu mutuwa kan ragu, gama an sami allurar rigakafi da ruwa mai tsabta da hanyar kawo abinci daga nesa. Agana ma dai an tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. Amma haihuwa ba ta raguwa nan da nan, don ɗabi'ar mutane ba ta sauyawa da wuri kamar yadda magani ke aiki. A nan ne jama'a ke yawaita ƙwarai.

A mataki na uku haihuwa kan soma raguwa. Iyaye sun ga 'ya'yansu suna rayuwa, yara sun shiga makaranta, ɗawainiyarsu ta ƙaru, 'yan mata kuma sun daɗe suna karatu kafin aure. A na huɗu, haihuwa da mutuwa duka sun yi ƙasa, yawan jama'a ya kusa tsayawa wuri ɗaya.

Ingila ta bi wannan hanya. Mutanenta, haɗe da na Wales, wajen miliyan 9 ne a 1801, amma a 1901 sun wuce miliyan 32. Bayan haka haihuwa ta yi ta raguwa, har ƙaruwar ta zama kaɗan kaɗan.

Inda Nijeriya ta tsaya

Ƙidayar 1963 ta sami mutum wajen miliyan 55 da rabi a Nijeriya, ta 2006 kuwa miliyan 140. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa, in aka yi rabo daidai, macen birni kan haifi 'ya'ya tsakanin 4 da 5 a rayuwarta, ta ƙauye kusan 6, ta Arewa maso Yamma kuwa fiye da 6. Watau birane sun soma shiga mataki na uku, ƙauyukan Arewa kuwa suna cikin na biyu.

Kura da Bunkure

Arziki yana sauya yawan jama'a ta wata hanya kuma, watau ta ƙaura. An gama dam ɗin Tiga a 1974, aikin da aka yi zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwansa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Kafin wannan, da an gama girbi sai samari su tafi cin rani. Da ruwa ya zo, rani ya zama lokacin alkama da tumatir da albasa, shinkafa kuma ta bunƙasa. Sai ga ƙasar da 'ya'yanta ke fita neman kuɗi ta zama masaukin 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen 170,000 a ƙaramar hukumar Bunkure.

To, ga inda hatsarin yake. Mutane suna ƙaruwa, amma filin da ruwa ke kaiwa yana da iyaka. Gonar da ta riƙe uba ɗaya, in aka raba ta gado tsakanin 'ya'ya shida, ba za ta riƙe gidaje shida ba. Daga nan rigimar iyaka ke tasowa, da sayar da gona, da tafiyar samari birnin Kano ba sana'a a hannu. Ruwan da ke kwance a magudanai kuma yana kawo sauro da tsargiya, waɗanda suka fi cutar yara.

Abin da ake bukata ga hakimai da malamai

1. A rubuta kowace haihuwa da mutuwa, har ta jaririn da bai kai suna ba, gama da wannan ne ake gane ko mutuwar yara tana raguwa.
2. A riƙa lissafin baƙi, a bambanta mai zaman rani da wanda ya kafa gida.
3. A rubuta rabon gonakin gado da iyakokinsu a gaban shaidu.
4. A ƙarfafa wa dagatai da masu unguwanni zancen rigakafi da sa yara makaranta, maza da mata.

Yaron da aka haifa bana, bayan shekara shida zai nemi aji, bayan ashirin zai nemi gona ko sana'a. Hakimin da littafinsa ke daidai ya san yawan waɗannan yara tun yau, ya kuwa iya gaya wa hukuma abin da ƙasarsa za ta bukata tun lokacin bai ƙure ba.