Darasin lafiya: nauyin jiki da fiɗar dajin hanyar maɗaciya

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san maɗaciya, ƴar jakar nan mai ruwa kore da ke manne da hanta. Mutum ma yana da ita. Hanta ce ke yin ruwan, wajen rabin lita ko fiye a kowace rana. Wata siririyar hanya ke kai shi cikin hanji, inda yake narkar da mai da kitse. Wani lokaci ciwon daji yakan tsiro cikin wannan hanya ya toshe ta. Ruwan ya rasa mafita, ya koma cikin jini. Sai ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya dinga ƙaiƙayi. Mu dai shawara muke ce ma duka.

Wannan daji ya fi yawa a arewa maso gabashin ƙasar Tailan, wajen Khon Kaen. Mutanen can suna cin ɗanyen kifin kogi, wanda ke ɗauke da wata tsutsa da ke zama cikin hanyar maɗaciya shekara da shekaru. A 1994 hukumar binciken daji ta duniya da ke Liyon, ƙasar Faransa, ta sa tsutsar cikin abubuwan da ke kawo daji. Babu ita a kogunanmu, kuma dabam take da wadda mahauta ke gani a hantar shanu. A ƙasarmu shawara ta fi zuwa daga ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini. Amma dajin nan yana iya kama mutum a kowace ƙasa, musamman dattawa.

Fiɗa kaɗai ke iya raba mutum da shi. Aiki ne babba, na awoyi da yawa. Akan yanke hanyar tare da wani sashe na hanta, ko kuma tare da farkon ƙaramin hanji da kan gaɓar da ke daidaita sukari a jiki. Mafi yawan marasa lafiya suna isa asibiti bayan ciwon ya wuce fiɗa. Wanda ya zo da wuri kuwa, kafin a sa masa rana sai likita ya ɗora shi a kan ma'auni. Me ya sa?

Ga lissafin, ɗalibai su ɗauko alli. A ninka tsawon mutum da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da aka samu. Mai tsawon mita 1,70: in an ninka, 2,89 ke nan. In nauyinsa kilo 50 ne, rabawa ta ba da 17,3. In kilo 65 ne, 22,5. In kilo 90 ne, 31,1. Hukumar lafiya ta duniya ta ce ƙasa da 18,5 rama ce, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce sosai.

Mu fara da ramamme, domin shi ya fi ba mu tsoro. Ruwan maɗaciya ba ya isa hanjinsa, saboda haka mai da kitse suna wucewa ba su shiga jiki ba. Ga rashin son abinci. Ga dajin kansa yana cin tsoka. Har bitamin K, mai sa jini ya daskare a bakin rauni, yakan ragu, shi ya sa irin wannan mutum ke saurin zubar da jini. In aka yi masa fiɗa a haka, ɗinki yakan daɗe bai kama ba, rauni ya yi mugunya, huhu ya kamu don ba shi da ƙarfin tari. Likitocin fiɗa suna da ƙa'ida: wanda ya rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6, misali mai kilo 60 ya koma 53, a fara ciyar da shi kwana 7 zuwa 14, ko da za a ɗaga ranar aikin. Wani ma sai an sa masa ƴar tiyo ta buɗe hanyar tukuna.

A nan ne al'adarmu ke cutar da mu. Da an ga shawara sai a hana mutum nama da ƙwai da nono, a bi shi da jiƙe-jiƙe wata biyu, wata uku. Ranar da aka kai shi Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, saura fata da ƙashi. Manomi ba ya ɗaura ma sa garma bayan ya bar shi da yunwa duk rani.

Mai ƙiba ma yana da tasa matsala. Aikinsa ya fi daɗewa, rauninsa ya fi saurin ruɓewa, jini yana iya yin guda cikin jijiyar ƙafarsa. Hanta takan sake girma bayan an yanke ta, amma wadda kitse ya cika ba ta yi da sauri. Duk da haka ba a sa mai daji ya rage abinci don ya rame.

Ma'auni kuma yana ruɗi. Ruwa a ciki da kumburin ƙafa suna ƙara kilo, alhali tsoka ta zube. Akwai mai teɓa wanda hannuwansa sun zama kamar kara. Likitoci suna auna tsoka da hoton sikana, sun kuma gano mai ƙarancinta ya fi shan wahala bayan aiki, komai nauyinsa. Game da tsawon rai kuwa, abin da ya fi nauyi tasiri shi ne ko an cire dajin duka, da ko ya riga ya shiga kaluluwa. Yakan dawo ga mutane da yawa, don haka akan ba da maganin sha na wata 6 bayan fiɗa.

Mai jinya ya ba marar lafiya abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a wuni: wake, nono, ƙwai, dafaffen kifi, fura, kunun gyaɗa in cikinsa ya karɓa. Ya taka da ƙafa safe da yamma. A rubuta nauyinsa kowane mako a littafi, a tafi da shi wurin likita. Dattijon da idonsa ya yi ɗorawa, bayan gidansa ya yi fari, yana kuma ramewa, a kai shi a yi masa hoton eko cikin makon nan.