Filin Shawara: Wane allo ya dace da gem ɗina?

Anti, watan jiya na kwashi adashi, kuma tun kafin kwasar ta zo kaina na yanke cewa monita zan saya. PS5 gare ni, a kan tebur nake bugawa a ɗakina, da wata tsohuwar talabijin da ta gaji. Ƙwallo na fi bugawa, wato FC, sai Call of Duty idan abokai sun hau intanet da dare. Na zagaya kasuwa na ga uku da kuɗina za su iya: mai inci 32 da 4K amma 60Hz, mai inci 27 da 1440p da 165Hz, sai wata doguwa mai lanƙwasa inci 34 wadda ta tafi da imanina. Abokina ya rantse duk abin da ba 4K ba asarar kuɗi ne. Kaina ya kulle. Ƙaninki daga Gwale, Kano.

Ƙanena, Allah ya sa albarka a adashin.

Bari mu fara sallamar doguwar nan mai lanƙwasa, tunda ita ce ta sace maka zuciya. PS5 ba ta fitar da hoto mai irin wannan faɗin. Idan ka jona ta, ko dai ka ga baƙaƙen shinge biyu a dama da hagu, ko hoton ya miƙe har 'yan ƙwallon su koma gajeru masu ƙiba. Masu kwamfuta aka yi wa ita. Bar ta a shago.

Saura biyu. Abokinka bai yi ƙarya ba a kan yawan ɗigo. Hoton da kake gani a allo ƙananan ɗigogi ne aka jera: 1080p yana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, kimanin miliyan 2 ke nan, 1440p yana da wajen miliyan 3.7, 4K kuwa miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p cif. Abin da bai faɗa maka ba shi ne ido ba ya ƙirga ɗigo, cunkosonsu yake gani, da kuma nisan da kake zaune. A allo mai inci 27 da 1440p, kowane inci yana ɗauke da ɗigo kusan 109. A mai inci 32 da 4K, kusan 138. Bambanci ne na gaske, za ka lura da shi a ƙananan rubutu da ciyawar fili idan ka kai fuskarka kusa. Amma daga nisan tsawon hannu, ana tsaka da wasa, 109 ba ya kunyata kowa. Wanda nake hana mutane shi ne inci 27 ko 32 mai 1080p: a nan ɗigogin sun warwatse, sunan ɗan wasa ma sai ka ga gefensa ya yi kaushi.

Sai lamba ta biyu, wadda a ganina ita ce za ta raba gardamar. Hz na nufin sau nawa allon ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. FC a kan PS5 hoto 60 yake bayarwa a daƙiƙa, don haka da ƙwallo kaɗai kake bugawa, da na ce ɗauki mai 4K ka tafi abinka. To amma ka ambaci Call of Duty, shi kuwa yana iya kaiwa 120. A gem ɗin harbi wannan ba ado ba ne. Da 60, sabon hoto yana zuwa ne duk bayan kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa. Da 120, bayan 8.3. Idan ka juya da sauri, mai 120 yana ganin wanda ya leƙo ta taga sarai, mai 60 kuwa sai ya ga abu ya gilma. Allo mai 60Hz zai ɗaure ka a 60 har ranar da za ka sayar da shi.

Kada kuma 165 ɗin ya ruɗe ka, ko ka ƙara kuɗi a kan mai 240. PS5 ba ta wuce 120. Duk abin da ya ɗara haka kamar sayen babbar randa ne alhali ruwan guga ɗaya ne.

Don haka shawarata mai inci 27. Sony ta ƙara wa PS5 damar fitar da 1440p tun 2022, saboda haka ba sai an yi wata dabara ba. Faɗin mai inci 27 kusan santimita 60 ne, na mai inci 32 kuwa ya kai 70. Auna teburinka da tef ɗin tela kafin ka fita, ka tuna inci 32 yana son ka ja baya kusan mita guda, in ba haka ba wuyanka ne zai riƙa yawo tsakanin taswirar da ke kusurwa da tsakiyar allo. Idan nan gaba aljihu ya yi nauyi kana son 4K da 120 a tare, nemi wadda ke da HDMI 2.1, domin 2.0 yana tsayawa ne a 4K da 60. Ko a nan ma, yawancin wasanni kan rage kaifin hoto idan aka sa su a 120.

Ranar ciniki, ɗauki PS5 ɗinka a jaka ka tafi da ita. Zuwa da kai ya fi aike. Wasu allunan suna ba da cikakken gudunsu ne ta kafar DisplayPort kaɗai, ita kuwa PS5 HDMI ce kawai gare ta. A jona a gabanka, ka shiga saitin hoto ka ga ta amince da 1440p da 120Hz. Idan na hannu ne, a Farm Centre kake ko Banex ko Computer Village, sa a buɗe maka farin shafi zalla, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, ka duba ko akwai ɗigon da ya mutu ko hasken da ke tsiyaya daga gefe. Ka tambaya ko tana da sifika. Da yawa ba su da ita, kodayake fad ɗin PS5 yana da kafar abin kunne.

*

Anti, ni ɗaliba ce. Laftof ɗina tana da GTX 1650, ina zane a kai, ina kuma buga GTA V da Fortnite. Yayana ya ce zai saya min allo, na ce 4K nake so. Ya yi? Ƙanwarki daga Samaru, Zariya.

Ƙanwata, Allah ya saka wa Yaya da alheri, amma kada ki sa shi asara. Katin hoton nan na 2019 ne, ma'ajiyarsa gigabait 4, kuma 1080p aka gina shi ya ɗauka. Ki ɗora masa 4K, kin ninka masa aiki sau huɗu. Wasan zai riƙa tsalle yana maƙalewa, fankar laftof tana ihu. Za ki ƙare da rage hoton zuwa 1080p, a kan babban allo kuwa ba zai yi miki kyau kamar na ƙaramin da aka yi don haka ba. Duba kuma kafar HDMI ɗin laftof ɗin: idan tsohuwar 1.4 ce, 4K a 30 kawai za ta ba ki, ko linzami sai ki ga yana jan ƙafa.

Ki ce masa inci 24 mai 1080p da 144Hz, ko inci 27 mai 1440p idan zanen ya fi gem muhimmanci a wurinki. Ki dage a kan nau'in IPS, shi ne launinsa ba ya canzawa idan kin kalla ta gefe. VA ya fi shi baƙi mai zurfi, sai dai wasu masu arahar suna barin inuwa a bayan abu mai gudu a wuri mai duhu. Rubutun 1ms da HDR400 da ke jikin kwali kuwa, karanta ki wuce.

*

Anti, gidan gem nake da shi, PS biyar a jere, samari na cika shi tun la'asar. An ce min OLED ya fi komai kyau. In canza? Naki, daga Katsina.

Malam, ya fi kyau, babu musu. Baƙinsa baƙi ne na gaske domin kowane ɗigo kashe kansa yake yi. Amma ba na gidan gem ba ne. Abin da ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin tabo a jikinsa, kai kuwa akwatin ƙwallaye da agogon wasa suna zaune a kusurwa guda daga la'asar har dare, kullum. Ga tsada, ga yara masu nuna abu da yatsa. Tunda masu wasanka a benci suke zama su biyu ko uku, talabijin mai inci 43 ta fi maka monita. Shiga saitinta ka kunna yanayin gem, jinkirin da ke tsakanin danna fad da motsin ɗan wasa zai ragu sosai. Rarar kuɗin ka sa a stabilaiza mai kyau, ka kuma hana yaron shago barin kayan a jone lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareta.