Darasi na Tara: Matsalolin Cire Filashi daga Kwamfuta da Hanyoyin Magance Su

1.0 Gabatarwa

Aikin malanta a yau ya wuce alli da allo. Ɗalibin da ke koyon aikin koyarwa yakan adana kundin bincikensa da tsarin darasinsa da makin yaran da ya koyar a lokacin gwajin koyarwa a cikin 'yar na'urar da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Sau da yawa idan ya zo cire ta sai kwamfuta ta fito da saƙo cewa ba za a iya dakatar da na'urar ba domin ana kan amfani da ita. Mai gaggawa yakan fizge ta kawai, ya wayi gari aikin wata uku ya ƙi buɗewa. A wannan darasi za a duba dalilin fitowar wannan saƙo, da matakan warware shi, da abin da ya kamata a yi idan ɓarna ta riga ta auku.

1.1 Ma'anar Filashi

Filashi ma'adana ce ta bayanai wadda ake soka ta a kafar USB ta kwamfuta. Kalmar ararriya ce daga Ingilishi, kuma ta bi tsarin gaɓar Hausa, inda aka raba baƙaƙe biyu na farko da wasalin “i”, aka kuma rufe ƙarshenta da wasali. An fito da tsarin USB a shekarar 1996, filashi kuwa ya shiga kasuwa a shekarar 2000. Na farkon yana ɗaukar megabayit 8, a lokacin da faifan fulofi yake ɗaukar megabayit 1.44 kacal.

1.2 Dalilin Neman Izini Kafin Cirewa

Duk filashi yana ɗauke da wani jadawali da ke nuna sunan kowane fayil da gurbin da aka ajiye shi, tamkar rajistar ɗakin karatu. Idan ana adana aiki, kwamfuta tana rubuta abu biyu, wato bayanan kansu da kuma wannan jadawali. Haka kuma takan tsare wasu bayanai a ma'ajiyarta ta wucin gadi kafin ta sauke su cikin filashin. Idan aka zare shi a tsakiyar wannan aiki, fayil zai iya gutsurewa, ko jadawalin ya rikice. Umarnin cirewa cikin aminci yana sa kwamfuta ta kammala rubutu, ta rufe fayiloli, sannan ta saki na'urar.

Tun daga sigar Windows 10 mai lamba 1809, wadda ta fito a 2018, kamfanin Microsoft ya sa tsarin saurin cirewa ya zama na asali ga irin waɗannan ma'adanai. A wannan tsari ba a jinkirta rubutu, saboda haka haɗarin ya ragu. Sai dai bai gushe ba, domin filashin da aka zare ana cikin kwafa ko adanawa zai iya lalacewa a kowane tsari.

1.3 Abubuwan da ke Hana Cirewa

Saƙon ƙin cirewa ba ya nufin filashi ya lalace. Abin da yake nufi shi ne akwai manhajar da har yanzu take riƙe da wani abu a cikinsa. Waɗanda suka fi yawa su ne:

(a) Fayil da aka bari a buɗe. Alal misali, Microsoft Word yakan ƙirƙiri ɓoyayyen fayil mai farawa da alamar ~$ a gefen takardar da ake aiki a kanta, kuma ba ya kawar da shi sai an rufe takardar.
(b) Tagar File Explorer da ke nuna abubuwan da ke cikin filashin, musamman hotuna da bidiyo.
(c) Manhajar rigakafin ƙwayoyin cutar kwamfuta a lokacin da take bincikensa.
(d) Kwafar da ba ta kammala ba.
(e) Manhajar da aka rufe tagarta amma tana ci gaba da aiki a ɓoye.

1.4 Matakan Magance Matsalar

Ana bin matakan ne daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, ana sake gwada cirewa bayan kowane ɗaya.

Na farko, a adana aiki, a rufe duk takardu da tagogin da suka shafi filashin. Na biyu, a dakata na minti ɗaya ko biyu, domin manhajar rigakafi takan saki na'urar da kanta idan ta gama bincike. Idan filashin yana da 'yar fitila, a jira ta daina ƙyaftawa. Na uku, a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, a nemo Windows Explorer a jerin ayyuka, a ba da umarnin sake tayar da shi. Na huɗu, idan ana son gano ainihin manhajar da ta riƙe na'urar, a buɗe Resource Monitor, a shiga sashen CPU, a rubuta harafin filashin, kamar E:, a gurbin bincike. Sunan manhajar zai bayyana, sai a rufe ta. A nan akwai buƙatar hattara, kada a dakatar da aikin da ba a san amfaninsa ba. Na biyar, idan duk waɗannan sun ci tura, a kashe kwamfutar gaba ɗaya, a jira ta mutu, sannan a zare filashin. Rufe murfin kwamfutar tafi-da-gidanka ba kashewa ba ne, barci kawai takan yi.

1.5 Idan Ɓarna ta Riga ta Auku

Idan aka mayar da filashin da aka fizge, Windows takan nemi a bincika shi a gyara. Matuƙar yana buɗewa, a fara kwafe muhimman fayiloli zuwa kwamfuta, sannan a amince da gyaran. Ana kuma iya yin amfani da umarnin chkdsk E: /f, a sauya harafin E da na filashin. Amma idan saƙon ya nemi a yi masa fomat, kada a amince, domin fomat yana share jadawalin ne ya kafa sabo. A daina ajiye komai a cikinsa, a kai shi wurin masani, saboda sabon rubutu yakan hau kan tsofaffin bayanai ya hana a ceto su.

1.6 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an fahimci cewa ƙin cirewa gargaɗi ne, kuma maganinsa shi ne gano abin da ke riƙe da na'urar a sa ya sake ta. Hausawa na cewa sauri kan haifi nawa. Ya kamata malami ya saba da yin aikinsa a kan kwamfuta, ya kwafa zuwa filashi bayan ya gama, ya kuma ajiye kowane muhimmin aiki a wuri biyu, musamman idan zai kai shi shagon buga takardu inda kwamfuta ɗaya take karɓar filashin mutane da yawa.

Auna Fahimta

1. Bayyana abu biyu da kwamfuta take rubutawa a cikin filashi yayin adana aiki.
2. Kawo dalilai huɗu da ke hana cire filashi.
3. Me ya sa bai kamata a amince da fomat ba bayan an fizge filashi?
4. Tsara darasin minti 35 da za a koyar da wannan batu ga 'yan ƙaramar sakandare.