Yaron da Bayansa Ya Sandare: Ku Lura da Numfashinsa

Iyaye, akwai yaron da ke tafiya, yana wasa, amma ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki abu a ƙasa, haɓarsa kuma ba ta kaiwa ƙirji. In abin ya zo sannu a hankali, ba zazzaɓi, yana iya zama ciwon sandarewar baya. Raunin tsoka ne da ake gado daga uwa da uba, ko da su lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ya fi fitowa a auren zumunci. Ba a ɗaukarsa, ba kuma sammu ba ne.

Ku bambanta shi da waɗannan:

1. Wuya ya sanƙare farat ɗaya, ga zazzaɓi: sanƙarau ake tsoro. Ku kawo shi yau.
2. Baya na ciwo, ga rama da ƙusumbi: a duba tarin fuka na ƙashi.

Babban haɗarin yana ga numfashi, domin tsokar da ke jan iska tana rauni, musamman cikin barci. Alamunsa: ciwon kai da safe, gyangyaɗi da rana, ƙin abinci, yawan ciwon huhu.

Ku riƙa miƙa masa gaɓoɓi kullum yadda muka nuna muku, ban da ƙarfi. Ku ɗaga masa kai wajen kwanciya, ku nisanta shi da hayaƙin murhu, ku cika masa rigakafi.

Babu maganin da ke warkar da shi tukuna. Ƙwayoyin homiyofati ba sa sassauta tsoka. Kada su cinye kuɗin motar da za ta kai shi daga Colire zuwa Garwa ko Ngaundere a duba ƙirjinsa.